Yadda Ake Nazarin Fim a Jami'a, Daga Kallon Farko Har Miƙa Asainmen

Tun da aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu saƙonni ke ta shigo min, yawanci daga ƙannenmu da aka ba tiyata ko aikin jarida ko Hausa, suka duba jerin kwasa-kwasai suka ga akwai na fim a ciki. Tambayar kusan ɗaya ce, Yaya wai ya abin yake ne, kallo kawai za mu riƙa yi a ba mu maki? Wata har cewa ta yi babanta ya ce in dai kallon fim ne ai ta daɗe da gama digiri a falon gida. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya ɗauka. Ko kana BUK ko ABU Zariya ko makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos, aikin farko da za a ɗora maka kusan iri ɗaya ne, a ba ka fim ko wani yanki nasa a ce ka yi nazari.

Ni asainmen ɗina na farko shafi biyar na cika, na kwashe labarin fim ɗin tas tun daga haɗuwar saurayi da budurwa har ranar ɗaurin aure, na ƙara da darasin da ke ciki, ina ta jin daɗi. Da takarda ta dawo sai na ga 4 cikin 20, malam ya rubuta da jan biro a ƙasa cewa shi ma ya kalli fim ɗin. Sai daga baya na gane me yake nufi. Ba labari aka tambaye ni ba, an tambaye ni yadda aka yi amfani da kyamara da haske da sauti da yankan hoto aka sa ni jin abin da na ji. Duk abin da ke ƙasa hanyar kaiwa can ce.

1. Haɗa kayan aiki

Laftof ita ce kan gaba, kuma ba sai sabuwa ba, ta hannu ma ta isa in dai batirinta yana riƙe caji awa biyu zuwa uku, don wutar hostel kun san halinta. Mai RAM 4GB za ta yi maka kallo da rubutu, amma in kana da niyyar taɓa editin nan gaba ka daure ka nemi mai 8GB tun yanzu kar ka sayi abu sau biyu. In babu halin laftof waya ma tana yi, sai dai ka sani rabin abin da ke bayan jarumi ba za ka gan shi a ƙaramin allo ba, don haka ka nemi abokin da za ku riƙa zama tare.

Sai hedfon ko iyafis mai kyau, wannan kar ka yi masa rowa, sifikar laftof tana cinye ƙananan sautuka. Sai filash mai 32GB, da littafin rubutu dogo wanda ba za ka haɗa shi da wani kwas ba, da biro kala biyu. Manhajar kallo kuwa VLC, kyauta ce, tana nan ta kwamfuta da ta waya.

Gargaɗi: kar ka sayi kyamara a shekarar farko. Na ga waɗanda suka matsa wa iyaye aka sayar da tumaki aka saya musu, ta yi semesta biyu a cikin akwati. Kwas ɗin nazari ido da biro yake so. Ranar da aka zo firaktikal akwai kayan sashe, akwai haya, ga waya.

Inda kuɗi ke tafiya da gaske data ce da fotokwafi da firintin. Fim ɗaya mai ingancin 720p yakan ci wajen 1GB, na 1080p ya ninka haka ko ya fi. Dabarar ita ce ku haɗa kai ku biyar, mutum ɗaya ya sauke da datar dare ko wayifai ɗin laburare, sauran su karɓa ta Xender, kuɗin a raba.

2. Samo kwafin da ya dace

Nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba. Fim ɗaya yana iya zama da kwafi uku ko huɗu a gari, wani an yanke shi don talabijin, wani an datse waƙoƙi, wani an raba shi kashi-kashi a YouTube an manta da na tsakiya. Ka tambayi malam ko kilas ref tsawon kwafin da za a yi aiki da shi, awa nawa minti nawa, ka gwada da naka. In naka ya gaza da minti goma to akwai abin da aka cire, kuma duk lokutan da za ka ambata a rubutunka ba za su yi daidai da na malam ba.

In fim ɗin Indiya ne ko na Koriya ko na Amurka, kar ka kuskura ka yi nazari da mai fassarar Hausa irin wanda masu turi ke sa wa a waya. Ni ma ina kallonsu ina dariya, amma mai fassara yana danne sautin asali, yana ƙara barkwancin da babu shi, wani lokaci har sunan mutane yake canjawa. Ka nemi na harshen asali mai rubutun fassara a ƙasan allo. Sai fa in ita fassarar ce aka ce ka nazarta, wannan kuma fage ne mai zaman kansa kuma mai daɗi.

Ka duba siffar hoton. Tsofaffin fina-finai da na zamanin kaset kusan murabba'i suke, 4:3, masu turi kuma sukan ja su su cika allon 16:9 sai ka ga kowa ya yi ƙiba. A VLC ka danna harafin A har fuskoki su dawo daidai. Tsofaffin fina-finan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuwa da yawa suna shafin intanet na Internet Archive kyauta.

Gargaɗi: filash ɗin da ya shiga kwamfutar shagon turi ko ta bizines senta, ka yi masa sikanin kafin ya shiga taka.

3. Kallon farko, ba biro

Ka zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, waya a kashe ko a nesa, ba tsayarwa ba turawa gaba, har sunayen ƙarshe. Kar ka karanta sharhin kowa kafin nan. Yana ƙarewa ka ɗauki littafi ka ba kanka minti 10 ka rubuta abin da ya tsaya maka a rai, inda ka ji tsoro, inda ka gaji, inda ka rikice, hoton da ya ƙi fita daga kanka. Ba sai da Turanci mai kyau ba, da Hausa ma ka rubuta. Wannan shafin zai yi maka amfani a mataki na 7.

Za a kawo muku fina-finan da za ka ji kamar hukunci ne, baƙi da fari, babu magana. Kusan ko'ina sai an nuna wa ɗalibai yankin matakalar birnin Odesa daga fim ɗin Battleship Potemkin na daraktan Tarayyar Sobiyat Eisenstein, 1925, don koyar da yankan hoto. Ka daure. In ka ji gajiya rubuta daidai mintin da ta kama ka, ita ma bayani ce.

4. Kallo na biyu, yanka shi gunduwa-gunduwa

Yanzu biro ya shigo. Ka ja layi uku a shafi, na farko lokaci, na biyu wuri da waɗanda ke ciki, na uku abin da ya faru a jimla ɗaya tak. Duk inda wuri ko lokaci ya canja, sabuwar fitowa ce, wato abin da 'yan lokeshan ke ce wa sin. Misali 00:12:40 zuwa 00:15:40, ɗakin uwargida, an kawo amarya gaisuwa. Shi ke nan, ka wuce.

Aikin yana da cin rai, fim mai minti 90 zai iya cinye maka awa uku, amma idan ka gama sai ka ga ƙashin bayan fim ɗin a shafi biyu ko uku. A nan ne za ka lura ashe sau huɗu ana komawa bakin ƙofar nan, ashe duk faɗan da dare ake yinsa, ashe jarumar ba ta fita daga gida ba sai a minti na 70. Abin da ya maimaita kansa ka zagaye shi da jan biro. Ka kuma lura da bambancin yadda abubuwa suka faru a rayuwar mutanen labarin da yadda fim ya jero maka su, in an fara da mutuwa aka koma baya, ka sa alama a duk inda aka yi tsalle.

5. Zaɓi fitowa ɗaya ka yi mata filla-filla

Wannan shi ne cikin aikin, in ka iya shi ka iya kwas ɗin. Fim na tafiya da hoto 24 a kowane sakan, bidiyon da aka saba a nan kuma 25, ka ga a kan 24 ɗin fim mai minti 90 ya kai hoto 129,600. Ba mai iya nazarin wannan duka, don haka ka zaɓi fitowa ɗaya mai minti biyu zuwa huɗu. Kar ka zaɓi wadda aka fi surutu a ciki don kawai a nan aka faɗi saƙon fim, ka zaɓi wadda ta taɓa ka amma ba ka san dalili ba.

Maɓallan VLC da za ka haddace: sifes na tsayarwa, E na matsawa hoto ɗaya-ɗaya, Shift da S na ɗaukar hoton allo, Shift da kibiya na tsallen sakan 3, Ctrl da T na zuwa daidai lokacin da kake so, M na kashe sauti. A YouTube kuma in ka tsayar, waƙafi da aya su ke mayar da kai baya ko gaba hoto ɗaya.

Fara da ƙirga shot. Shot shi ne abin da kyamara ta nuna daga yanka zuwa yanka, duk inda hoto ya yi tsalle ya koma wani, an yi kot. Ka ba kowanne lamba da lokacin farawarsa. A ce fitowar gaisuwar amarya minti 3 ce, sakan 180 ke nan, ka ƙirga shot 30, ka raba sai ka samu kowane shot sakan 6 a matsakaici. Lambar ita kaɗai ba ta ce komai ba, sai ka duba ina aka yi sauri ina aka ja. In shot ashirin na farko gajeru ne sannan aka tsaya a fuskar uwargida sakan 25 ba a yanke ba, to a nan edita yake so ka tsaya, kai ma tsaya.

Gargaɗi: karon farko sai ka ɓata ƙirga, ido ya saba haɗiye kot ba tare da ya lura ba, ai don haka aka yi shi. Ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, ka ƙirga sau biyu, in lambobin sun saɓa ka yi na uku.

Sannan kowane shot ka yi masa tambayoyi. Nisan kyamara, daga nesa ne ana ganin mutum duka da wurin da yake, wato lon shot, ko daga ƙugu zuwa sama, midiyam, ko fuska kaɗai, kulos-of? Tsayinta fa, daidai ido take ko daga ƙasa take kallon mutum ko daga sama? Tana motsi, juyawa take gefe a inda take tsaye, ko tafiya take tana bin mutum, ko zum aka yi, ko a hannu aka riƙe ta tana rawa? Zum da matsowar kyamara ba ɗaya ba ne kuma malamai suna son kama ɗalibi a nan, in kyamara ce ta taka za ka ga abubuwan gaba da na baya suna gocewa da juna, in zum ne hoton kawai ke kumbura.

Sai abin da aka jera a gaban kyamarar, kalmar Faransanci ce za ka ji ana ta maimaitawa, mizansen. Ɗakin, kayan ɗakin, sutura, kwalliya, haske, da inda kowa ya tsaya. A fitowarmu, wa ke kan gado wa ke kan tabarma, wa ke kusa da ƙofa, jeren kwanukan uwargida yana bayanta ne kamar shaida ko an kawar da shi, mayafin amarya ya rufe fuska har yaushe. Mu nan muna da riba da baƙo ba shi da ita, mun san ma'anar durƙuso da sunkuyar da kai da ƙin ambaton suna, to amma sabo yana sa mu wuce su kamar ba komai. Rubuta su. Haske kuma ka nemi inda ya fito, taga ce ko fitila, inuwa tana gefen fuskar wa. Tsarin da aka fi koyarwa fitila uku ne, babba a gaba ta gefe, ƙarama mai rage inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango, in ka ga an bar rabin fuska cikin duhu to an rage ta biyun ne ko an kashe ta.

Akwai kuma ƙa'idar digiri 180. Mutum biyu na fuskantar juna, ka ɗauka an ja layi daga wannan zuwa wancan, kyamara takan zauna a gefe ɗaya na layin don uwargida ta riƙa kallon dama amarya tana kallon hagu har a gama. In kyamara ta tsallaka sai ka ga kamar duk waje ɗaya suke kallo. Idan ka kama wannan kar ka yi saurin cewa kuskure ne, duba ko daidai lokacin ne magana ta juye. Wani lokaci da gangan ne, wani lokaci kuma ɗakin ne ya yi ƙanƙanta mai kyamara ya rasa wurin tsayawa, kai dai ka faɗi abin da tsallakawar ta haifar a idon mai kallo.

Gargaɗi babba: babu ƙamus ɗin da ya ce kyamara daga ƙasa kullum iko take nufi, ko ja kullum haɗari ne. Handawut zai ba ka irin wannan jerin, ka haddace don jarabawa in ka so, amma a asainmen fitowar da ke gabanka ce za ta faɗa maka. An sha ɗaukar mutum daga ƙasa don a mayar da shi abin dariya.

In kana son gwaji kafin a ba da aiki, nemi Borom Sarret na Usman Sembene ɗan Senegal, 1963, bai wuce minti 20 ba, za ka iya yi masa mataki na 3 zuwa na 5 a yini ɗaya.

6. Sauti, da maganar waƙa

Kalli fitowar sau ɗaya sauti a kashe, sannan ka juya allon ko ka rufe ido ka saurare ta ba hoto. Za ka sha mamakin abin da kunne zai tsinto, kukan kaza, ƙarar janareto, kiran salla daga nesa, takun da ya riga mai shi shigowa. Ka raba su gida biyu, wanda mutanen cikin labarin suke ji, kamar rediyon da ke ɗakin, da wanda mu masu kallo kaɗai muke ji, kamar kiɗan tausayi da aka ɗora. Na farkon shi ake ce wa dayajetik. Ka rubuta daidai sakan ɗin da kiɗa ya shigo da inda ya ɗauke, shiru ma ka rubuta shi.

Waƙa a fim ɗin Hausa ko na Indiya kuwa, ɗalibai sukan tura ta gaba wai ba ta cikin labari. Kuskure ne. Duba inda aka ajiye ta, me ya faru kafinta me ya biyo baya, sau nawa aka canja kaya da wuri a cikinta, mafarkin wa ake nunawa. Sau da yawa abin da kunya ta hana saurayi da budurwa faɗa a zaure shi waƙar ke faɗa, in ka cire ta ka cire rabin hirar. Kuma ka tuna muryar ta mawaƙin situdiyo ce, jarumai bi suke da baki, don haka kar ka yabi jaruma da zaƙin murya.

7. Mayar da abin da ka gani ya zama hujja

Yanzu koma shafin da ka rubuta bayan kallon farko, ka ajiye shi kusa da jerin shot ɗin da ka rubuta. Can ka ce fitowar ta sa ka jin ƙunci, nan kuma ga dalilin a rubuce. Haɗa su ka fitar da jimla ɗaya wadda wani zai iya musa maka.

"Fim ɗin yana nuna illar kishi" ba hujja ba ce, kowa ya sani, ko fosta ta faɗa. Gwada wannan: a fitowar gaisuwa kyamara ba ta taɓa haɗa matan biyu a hoto ɗaya ba, kowacce ita kaɗai ake nunawa, sai a shot na 30 da mijin ya shigo ya tsaya tsakaninsu, wato fim ɗin yana nuna ba su da wata alaƙa sai ta hanyarsa. Ka ga wannan ana iya buɗe fim a duba, ana iya yarda ana iya ƙi. Irinta malam ke nema.

Gargaɗi: abu biyu ke cinye makin ɗalibanmu a nan. Na ɗaya wa'azi, shafi uku a kan fim ya ɓata tarbiyya ko ya gyara ta. Muhawarar tana da muhimmanci, Jihar Kano ma tana da hukumar tace fina-finai tun 2001 kuma ana rubuta takardu masu kyau a kan hakan, amma in za ka shiga sai da shaida daga allo, wane shot, wace sutura, wace kalma, kuma in ka ce Bahaushe ba ya haka ka shirya amsa wane Bahaushe, na wane gari, na wane zamani. Na biyu raini, a ɗauko fim ɗin da aka yi cikin sati biyu da kyamara ɗaya a auna shi da na Holiwud a ce bai kai ba. Wannan ba nazari ba ne. Tambayar ita ce da abin da suke da shi me suka zaɓa su yi.

8. Karatu, amma bayan kallo

Da gangan na sa shi a nan. In ka fara da karanta sharhi idonka zai riƙa ganin abin da wani ya gani ne kawai. Littafin gabatarwa da aka fi amfani da shi a duniya shi ne Film Art na Bordwell da Thompson, duba laburare kafin ka kashe kuɗi, tsohon bugu ma ya wadatar, babin da ya shafi aikinka kawai za ka yi wa fotokwafi. In fim ɗin Hausa ne aikinka, sa sunan Farfesa Abdalla Uba Adamu a Google Scholar, ya yi rubutu da yawa a kai, haka Brian Larkin da ya yi bincike a Kano kan gidajen sinima da kallon fim ɗin Indiya, da Carmen McCain. Akwai mujallar Journal of African Cinemas, akwai rumbun AJOL na mujallun Afirka, rumbun maƙalu na JSTOR kuma yana barin mai rijistar kyauta ya karanta wasu maƙalu a kan allo. Maƙala biyu ko uku da ka karanta da gaske sun fi goma da ka kwafo sunayensu.

Duk abin da ka ɗauko, a take ka rubuta sunan marubuci da shekara da shafi. Manhajar Zotero kyauta ce tana yin wannan, in ba ka so bayan littafinka ma ya isa.

Gargaɗi: ChatGPT da 'yan uwansa ba su kalli kwafinka ba. Ka tambaye su fitowar minti na 12 su tsara maka ita tsaf da launin riga da motsin kyamara, ka buɗe fim ka ga babu ko ɗaya, musamman fina-finanmu. Malamin da ya kalli fim ɗin sau goma layi biyu zai karanta ya gane. Wasu sassan kuma suna sa takarda a Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da aka kwafo.

9. Rubutu da miƙawa

Sakin layi na farko, sunan fim, darakta, shekara, da hujjarka. Taƙaita labari kar ya wuce sakin layi ɗaya, layi biyar ko shida. Sauran duka nazari, kowane sakin layi magana ɗaya, ka faɗi abin da aka gani, ka sa lokacinsa, ka faɗi aikin da yake yi. In da Turanci kake rubutu abin da ke faruwa a fim ana faɗarsa kamar yanzu yake faruwa, kar ka riƙa tsalle tsakanin jiya da yau.

Ga wata ɗabi'a tamu da sai an yi da gaske ake barinta, kiran mutumin cikin labari da sunan jarumin da ya fito a matsayinsa, yadda muke yi a majalisa. A takarda sunan cikin fim za ka yi amfani da shi, sunan jarumin sau ɗaya a farko, sai kuma in kana maganar yadda ya yi wasan. Haka nan ba komai ne aikin darakta ba, sunayen mai ɗaukar hoto da edita da mai kiɗa suna ƙarshen fim, koma ka kwafo su daidai.

Hotunan allo uku zuwa biyar sun isa, kowanne da lamba da lokaci a ƙasansa, kuma kar ka sa hoton da ba ka yi magana a kansa ba. Tambayi tsarin ambato da sashenku ke bi, APA ne ko MLA, shi ma fim ɗin sai ya shiga jerin, a APA da sunan darakta ake farawa, sai shekara, sunan fim, kamfanin da ya shirya.

Ka gama kwana biyu kafin ranar miƙawa, ka ba wanda bai kalli fim ɗin ba ya karanta, inda ya ce bai gane ba gyara. Mayar da fayil ɗin PDF kafin ka kai shago don kar kwamfutarsu ta wargaza maka hotuna, ka tura wa kanka kwafi ta imel. Firintar baƙi da fari tana mayar da hoton dare baƙin tabo kawai, kuma in maganarka a kan launi ce ko inuwa to shaidarka ta tafi, don haka shafin hotunan kaɗai ka biya a buga maka mai kala, sauran a yi na arha. Safiyar ranar miƙawa layin shagon yakan kai bakin titi, ka buga tun daren jiya.